Darar Kalmomi: A Bar Yara Su Yi Wasa da Turanci

Duk wanda ya taɓa gilmawa ta bayan tagar aji huɗu ko aji biyar da hantsi ya san wannan amo. Malami ya jera kalmomin Turanci goma a allo, yana nuna su da tsumagiya, yara tamanin ko fiye suna biyawa baki ɗaya, harafi bayan harafi, har rufin kwano yana amsawa. Ranar Alhamis a yi shifta, masu kaifin hadda su ci takwas ko tara, mu shigar da maki a rajista, hankalinmu ya kwanta. Ranar Litinin kuwa, da zarar mun ɗauko kalma ɗaya daga cikin goman nan mun saka ta a jimlar da ba su saba gani ba, sai aji ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

A zangon karatun da ya wuce, a ɗaya daga cikin azuzuwanmu na biyar, mun koyar da kalmar "well" cikin jerin abubuwan da ake samu a gida, muka ce ma'anarta rijiya. Bayan mako biyu muka ba yara wata gajeriyar wasiƙa su fassara, a cikinta akwai jimlar "I am well". Wata yarinya, wadda tana cikin masu ƙoƙarin ajin, ta rubuta da kyakkyawan rubutunta: "Ni rijiya ce." An yi dariya a ofishin malamai, amma dariyar ba ta daɗe ba, domin yarinyar ba ta saɓa wa abin da muka koya mata ba. Kalma ɗaya muka ba ta da ma'ana ɗaya, ta riƙe amana, ta dawo mana da kayanmu yadda muka damƙa mata. In akwai laifi, na hanyar da muka bi ne.

Ra'ayin da muke gabatarwa ga 'yan uwa malamai shi ne, kalma ba ta zama mallakar yaro sai ya juya ta, ya birkita ta, ya neme ta ya rasa, sa'an nan ya gano ta da kansa. Akwai wani wasa mai arha da ke sa shi yin haka, wanda Turawa ke kira "crossword", mu kuma a nan za mu kira shi darar kalmomi, saboda gidajensa sun yi kama da gidajen dara. Muna ganin lokaci ya yi da za a ba shi gurbi a darasin Turanci na manyan azuzuwan firamare, da tambayoyin da mu da kanmu muka tsara a kan kalmomin yau da kullum, kuma reshenmu ya tsaya wa duk malamin da ya yi haka.

Katangar aji huɗu

Al'amarin ya wuce na dariya. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ke nan, daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragamar koyarwa. Tun daga nan an sha yi wa manufar harshe gyaran fuska, amma abu ɗaya bai motsa ba: littattafan lissafi da kimiyya na manyan azuzuwa da Turanci suke, takardun jarrabawa ma haka. Saboda haka yaron da Turancinsa ya tsaya a hadda, ba darasin Turanci kaɗai yake faɗuwa ba. Mun ga yaron da ke taya mahaifinsa ciniki a kasuwa, wanda ke ba da canji da ka ba tare da kuskure ba, ya kasa amsa tambayar ɗebewa mai sauƙi, don kawai ta ƙare da "how many are left", shi kuwa abin da ya sani game da "left" shi ne hagu.

Irin wannan yaro yakan lallaɓa ya shiga ƙaramar sakandare, ya zauna a bencin baya shekara ɗaya ko biyu yana kwafar abin da bai gane ba, daga nan a neme shi a rasa. Namiji ya koma gareji ko bakin tasha, mace a ce zaman banza take yi, gara ta ɗauki talla. Iyaye kuma su ce malaman firamare ba su koyar da komai. Mun san nauyin da ke kan gwamnati a wannan lamari, kuma wannan mujalla ba ta taɓa gajiya da faɗarsa ba. Amma akwai ɗan abin da ke hannunmu, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Yaran nan da suka yi tsit a gaban allo, a saurare su da dare a tsakar gida ko lokacin tara a gindin bishiya. Ɗaya ya ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje," kafin ya rufe baki an ce masa wuta da hayaƙi. Wata ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," a ce mata tsintsiya. Wanda ya kasa ya ce, "Na ba ka gari," a yi masa dariya, gobe shi ma ya zo da tasa. Ba wanda ya taɓa rubuta musu waɗannan a allo, ba wanda ya yi musu shifta a kansu, ga shi kuwa ba sa mantawa. Dalili shi ne, kowace amsa sai da suka wahala kafin suka same ta, kuma akwai daɗi a samun.

Kacici-kacici yana koya wa yaro cewa magana tana da ciki da waje, abin da aka faɗa daban, abin da ake nufi daban. Zaurance yana koya masa cewa kalma tana da gaɓoɓi da za a iya rabawa, a cusa wani abu a tsakani, ko a juya su. Kullum kuma yana jin yadda Hausa ke wasa da kalmomi masu kama da juna: wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, gari na mutane da gari na tuwo. Ashe yaro Bahaushe ya zo makaranta da duk kayan aikin da ake bukata don a yi wasa da harshe. Mu ne muke karɓe su a bakin ƙofar aji, mu ce ya ajiye, nan wurin karatu ne.

Asalin wasan da yadda yake

Darar kalmomi ba tsohuwar aba ba ce. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga ta a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 aka fitar da littafinta na farko, a 1930 kuma jaridar The Times ta Landan ta fara buga tata. A Ingila ne aka mai da tambayoyinta kacici-kacici sosai, inda ake ɓoye amsa cikin wasa da haruffa da ma'anoni.

Akwai labari ɗaya daga tarihinta da ya shafe mu kai tsaye. A watan Mayu da farkon Yunin 1944, gab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, wasu kalmomin sirri na wannan shiri, irin su "Utah" da "Omaha" da "Overlord", suka riƙa fitowa a matsayin amsoshi a darar jaridar Daily Telegraph. Jami'an tsaro suka nemo mai tsara ta, suka titsiye shi, sai ga shi shugaban wata makaranta ne mai suna Leonard Dawe. Bayanin da ya fito shekaru da yawa daga baya, daga bakin wani tsohon ɗalibinsa, shi ne malamin yakan ba yara gidajen dara su cike da kalmomin da suka ga dama, shi kuma ya tsara tambayoyi a kansu, yaran kuwa sun tsinci kalmomin ne daga bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar. Abin lura gare mu a nan shi ne, kunnen yaro tsintau ne. Abin da ya ji a tasha, ya gani a jikin kwalin madara ko a bayan babbar mota, yana nan ajiye, yana jiran malamin da zai ba shi gidan da zai zuba shi.

Yadda wasan yake kuwa, ga ƙaramin misali da kowa zai iya zanawa a allo cikin minti ɗaya. A ja gidaje tara, uku a kwance uku a tsaye, a shafe na tsakiya da alli. Saura kalmomi huɗu ke nan masu haruffa uku-uku: biyu a kwance, sama da ƙasa, biyu a tsaye, hagu da dama. Tambayar layin sama: a cikinsa ake soya ƙwai. Tambayar layin hagu: da shi muke rubutu. Tambayar layin dama: goma ta juya baya, ta kama kifi. Amsoshin su ne "pan" da "pen" da "net", domin "ten" in aka karanta ta daga ƙarshe ita ce "net". Tambayar layin ƙasa mun bar wa mai karatu: makanike yana ɗaure ta da sufana, kurege yana fasa ta da haƙori, mu kuma ana cire mana kuɗinta daga albashi duk wata. Amsar tana ƙarshen wannan rubutu.

A dubi abin da ke faruwa a gidan farko, na kusurwar hagu ta sama. Dukanmu mun san cewa abacadar Hausa ba ta da harafin "p", kuma kunnen yaranmu ba ya saurin raba shi da "f". Mun sha gyara "fan" da "pan", da "full" da "pull", da jan biro, gobe a sake maimaitawa. A cikin dara kuwa, yaron da ya rubuta "fan" a sama zai tarar layin hagu ya fara da "f", alhali ya tabbata abin rubutu "pen" ne, don kullum yana ganin kalmar. Gida ɗaya ba ya ɗaukar haruffa biyu, dole ɗaya ya fita. Shi da kansa zai goge, ba tare da mun buɗe baki ba. Wannan shi ne babban sirrin wasan: kowace kalma shaida ce a kan 'yar uwarta, kuma yawan gidaje alƙali ne da ba a yi masa gardama.

Dabarun tsara tambaya

Ƙarfin darar kalmomi yana ga tambayoyinta, kuma a nan ne gwanintar malami ke fitowa. Mafi sauƙi ita ce tambayar bayani kai tsaye, kamar ta abin soya ƙwai, da ita ake farawa. Amma akwai wasu hanyoyi da muka gwada, kowace da ciwon da take magani.

Ta farko ita ce kalma ɗaya mai ma'ana biyu. "Yana mulkin gari, yana kuma cikin jakar ɗan makaranta," haruffa biyar: "ruler". "Ana buɗa baki da shi da azumi, ana kuma rubuta shi a saman allo kowace safiya," haruffa huɗu: "date", wato dabino da kwanan wata. "Yana zaune a aji, yana kuma tsakiyar ido": "pupil". "Ana ɗaura shi a hannu, ana kuma yin sa da ido": "watch". Da mun taɓa tambayar yarinyar nan, "Ana jan ruwa a cikinta, kuma ita ce amsar mai lafiya in an gaishe shi," da ba ta zama rijiya ba. Irin wannan tambaya tana dasa wa yaro shakka mai amfani, ta yadda duk sa'ad da jimla ta ƙi ba da ma'ana zai tambayi kansa ko kalmar nan tana da wata fuska.

Ta biyu ita ce sauti ɗaya, rubutu biyu, kamar "sun" da "son", "meat" da "meet", "week" da "weak". A nan Hausa da kanta ta ba mu kyauta, domin ta ari kalmomin Turanci biyu ta haɗe su a kalma ɗaya, fulawa. Sai mu ce, "fulawar mai gidan burodi," gidaje biyar, da "fulawar lambu," gidaje shida. Yaro ya ƙirga gidaje ya ga "flour" ce ta shiga na farko, "flower" ta shiga na biyu. Bambancin da bayanin rabin sa'a bai zaunar ba, ƙirgen gidaje ya zaunar da shi.

Ta uku ita ce kalma a cikin kalma. "Kaza ta ɓuya a ƙarshen 'kitchen'," sai a sami "hen". "Abincin da ke cikin 'price'," sai a sami "rice", kuma ba gidan da bai san alaƙar shinkafa da farashi ba. Akwai "ear" a cikin "hear", wanda ke raba wa yaro ita da "here" har abada, tunda da kunne ake ji. Akwai "end" a ƙarshen "friend", kuma wanda ya gano haka ya daina juya wasulan tsakiyarta. Yaron da ya saba da wannan farauta yakan daina kallon doguwar kalma kamar katanga, ya fara neman ƙofa a jikinta.

Ta huɗu ita ce birkita haruffa ko juya su. Haruffan "listen" su ne na "silent", kuma ba darasin ladabi da ya fi wannan gajarta. Haruffan "lemon" su ne na "melon". "Was" da "saw", waɗanda yara ke yawan musanyawa wajen karatu, juyin juna ne, kuma gara mu nuna musu haka a fili da mu bar su suna faɗawa ramin a ɓoye. Ranar da wani yaro ya gano da kansa cewa haruffan "teach" su ne na "cheat", ajin ya kaure da shewa, mu ma muka sami abin tattaunawa a kan satar amsa wanda ba mu shirya ba.

Ta biyar, wadda babu littafin waje da zai kawo mana ita, ita ce ta kalmomin aro. Bokiti, tebur, fensir, asibiti, burodi, duk yaro ya san su tun kafin ya shiga aji ɗaya, bai dai san cewa baƙi ne da suka zama 'yan gari ba. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa take cusa wasali a tsakani, kuma wannan al'ada tana bin yaro har cikin rubutunsa na Turanci. In muka ce, "Hausa ta are ta ta ce burodi," muka ba shi gidaje biyar kacal, wasalin da ya saba cusawa bayan "b" ba shi da wurin zama, tilas ya isa ga "bread". Ta haka yake gane cewa ya riga ya mallaki kalmomin Turanci masu yawa, tufafi kawai suka sauya.

Masu ja da wannan ra'ayi

Mun san akwai 'yan uwa da za su ce wannan ɓata lokaci ne, ga manhaja ba a gama ba. Hujjarsu tana da nauyi, domin darasi ɗaya bai fi rabin sa'a da 'yan mintoci ba. Amma abin da muke nema minti goma sha biyar ne sau ɗaya a mako, kuma kalmomin da za a zuba a darar su ne dai na darasin makon. Bugu da ƙari, jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da hukumar NECO ke shiryawa tana da sashe na auna basirar sarrafa kalmomi, inda ake neman yaro ya gano dangantakar kalma da kalma da tsarin haruffa. Wanda ya saba da dara ya riga ya san hanyar garin.

Wasu za su ce aji ya cika, ba takarda, ba injin gurzawa. Ba a bukatar ko ɗaya. Dara ɗaya a allo ta isa. A raba yara rukuni-rukuni bisa layin zamansu, kowane rukuni ya kwafa a littafi ɗaya, su haɗa kai su cike. Mun lura cewa a irin wannan zama yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sukan yi magana, domin kuskure a gaban abokai biyar ya fi sauƙin ɗauka a kan kuskure a gaban tamanin. Waɗanda karatunsu bai nuna ba kuwa, a fara musu da kalmomi masu haruffa uku, a faɗi tambayar da baki da Hausa, ko a zana hoton abin.

Wasu kuma za su ce ai akwai irin waɗannan birjik a intanet, a sauko da su mana. Mun duba, mun ga yawancinsu an yi su ne don yaran wasu ƙasashe, cike suke da dusar ƙanƙara da bukukuwa da tsuntsayen da ba su taɓa sauka a ƙasarmu ba. Yaron da bai san abu ba, ba zai cinko sunansa ba, komai basirarsa. Tambayar da za ta yi aiki a ajinmu ita ce wadda ta fito daga kasuwarmu da madafarmu da filin ƙwallonmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ne muka san harafin da ke kayar da yaranmu.

Akwai kuma hujjar da ba a cika faɗa a fili ba, amma tunda a cikin gida muke, bari mu faɗe ta. Da yawa daga cikinmu abin da muka karanta a kwalejin ilimi ba Turanci ba ne. An ba mu aji ne aka ce mu koyar da komai, kuma akwai fargabar kada mu tsara tambaya yaro ya kama mu da kuskure. Gaskiya ne, tsara dara mai kalmomi shida yakan ci sa'a guda a farko, kuma ba ya yiwuwa sai da ƙamus a gefe. To, wannan ai riba ce. Mu kanmu mun ƙaru da ma'anoni da dama a wajen tsara tambayoyi, waɗanda muka shekara ashirin muna wucewa ta kansu. Malamin da ya buɗe ƙamus a gaban ajinsa don a warware gardama bai zubar da girmansa ba, ya koya musu abin da mai ilimi ke yi in ya yi shakka.

Wanda ke ganin wasa da kalmomin Turanci sai mai jan kunne, ya tuna cewa a 2015, a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a wasan Scrabble na Turanci, bayan ya doke ɗan Birtaniya a karon ƙarshe, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. Ba abin da zai hana irinsa fitowa daga azuzuwanmu, in an ba su dama tun suna ɗanyu.

Wajibi ne kuma mu faɗi iyakar abin. Darar kalmomi ba ta koyar da gina jimla, ba ta maye gurbin littafin karatu, ba ta kuma gyara rufin da ke yoyo. Gishiri ce a miya, ba a yin tuwo da ita. Sa'an nan tana da sharaɗi ɗaya da ba a karyawa: ba maki a rajista, ba bulala. Ranar da tsoro ya shiga, wasa ya fita, mun koma gidan jiya. Wanda ya kasa ya ce ya ba da gari, a faɗa masa amsa, a wuce.

Abin da muke nema daga reshe

Wata rana wani mai duba makarantu ya shigo ajin ɗaya daga cikinmu ana tsakiyar dara. Ya tarar yara sun haɗa kawuna suna gardama a kan ko "bucket" tana da "c", ya dubi allo ya ga gidaje, ya rubuta a rahotonsa cewa malami yana wasa da yara a lokacin darasi, aji kuma ba tsari. Malamin bai sake yi ba, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin kowa yana tsoron abin da zai taɓa masa ƙarin girma. Shi ya sa muka kawo maganar nan gaban ƙungiya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon shugabannin reshe, a zamansu da shugabannin makarantu da jami'an sa ido, su nemi a amince da darar kalmomi a matsayin aikin aji da malami zai iya rubutawa a tsarin darasinsa, a sa masa hannu kamar kowane aiki. Muna roƙon masu shirya wannan mujalla su ware kusurwa ɗaya a kowace fitowa don dara guda, makarantu su riƙa kawowa bi da bi, amsa ta fito a fitowa ta gaba. Muna ba da shawarar a ware rabin sa'a a taron reshe don musayar tambayoyi, har a tara kundi na aji huɗu zuwa shida, zango-zango, wanda sabon malami zai tarar a ofis. In abin ya kankama, ba abin da zai hana a shirya gasa tsakanin makarantunmu a Ranar Yara, 27 ga Mayu, inda yara da kansu za su tsara tambayoyi su ɗaure abokan karawarsu. Wannan ne ma matakin da muka fi buri, domin yaron da ya iya ƙulla kacici-kacici a kan kalma ya gama mallakarta.

Kafin nan, kowa ya gwada a ajinsa ranar Alhamis mai zuwa. Gidaje tara ne da guntun alli, sai an gwada akan san na ƙwarai. Yarinyar da ta ce ita rijiya ce tana aji shida yanzu, kuma a makon jiya ita ta kawo tambayar da ta ɗaure ajin gaba ɗaya, har da malaminsu: "Yana haskaka ɗaki, kuma ba shi da nauyi." Sai da aka ba ta gari kafin ta ce "light".

Amsar layin ƙasa kuwa, ga wanda bai gano ba, tana rubuce a bangon wannan mujalla: NUT. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa wa yaran da aka ba mu amana albarka.